Gyaɗar Yaaba Poko

A tsohon Zangon Wagadugu aka haife ni, tun kafin a rushe shi a watsa mu bayan gari. Gidan na kakata ne, Hajiya Dije, wadda mu jikoki muke kira Kaka. Kakanninta fataken goro ne da suka sauka a garin suka ƙi tashi, ita kuma atamfa ta yi ta sayarwa a kasuwa har gwiwoyinta suka zaunar da ita. Babana direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, a hanyar Lome, ba ya zama, don haka namijin da ke tsaye a kan gidan shi ne ƙanensa, Baffa Idi.

Lokacin zafi kuran, wato wutar lantarki, ba ya tsayawa a unguwarmu. Da an yi magariba sai a ɗauke, ɗakuna su zama kamar tanda, kowa ya fito tsakar gida. Kaka tana da murhunta a gindin dogon yaro, nan take zama a kan 'yar kujera tana juya tuwo ko tana dafa shayi, mu kuma mu kewaye ta a kan tabarma. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta kalli ƙofar gida kamar ta ji sallama, ta ce, "Ga wata baƙuwa can ta taho daga hanyar Gwanja." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, a ba ta ruwa." Baƙuwar ita ce tatsuniyar, kuma yawancin baƙin nan nata masu ban dariya ne. Wadda na fi tunawa kuwa ba ta ba kowa dariya ba, kuma ina da shekara tara ko goma lokacin da na ji ta.

A gidan da ke jikin katangarmu akwai wata tsohuwa daga cikin Mosawa mai suna Poko. Muna ce mata Yaaba, wato kaka da yarensu. Daga ƙauye ta zo, tana haya a ɗaki ɗaya, tana sayar da daddawa da soyayyar gyaɗa a bakin layi. Ba mu taɓa ganin ɗa ko jika ya zo wurinta ba. Idanunta kullum jajaye saboda hayaƙi, kuma tana yawan magana ita kaɗai. Idan muka wuce za mu lakwal, wato makaranta, sai ta kira mu da hannu, ta zuba wa kowa gyaɗa a tafinsa.

A bazarar wannan shekara yara suka fara mutuwa a layinmu. Ɗan tela ne ya fara, ya kwanta da ciwon kai da safe, kashegari aka binne shi. Sai wata yarinya a gidan da ake sayar da ruwan famfo. Ban san bakin wa ya fara ambatar sunan Yaaba Poko ba, amma cikin 'yan kwanaki kowa ya tuna wani abu. Wata ta tuna ta ga tana shafa kan ɗan tela. Wani ya tuna ya ji ta tana surutai a bayan katanga. Aka ce ai dama koro ta aka yi daga ƙauyensu, in ba haka ba me zai raba tsohuwa da danginta? Kalmar da ba a faɗa da ƙarfi ita ce mayya, amma har mu yara mun ji ta.

Sai abin ya shigo gidanmu. Ƙanena Sani, ɗan shekara biyar, ya dawo daga wasa da hantsi yana kuka da kansa. Kafin la'asar jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, wuyansa ya sandare, in Inna, mahaifiyarmu, ta ɗaga kansa sai ya ƙwalla ƙara. Baffa Idi ya rufe shago ya dawo a guje. Ya tsaya a kan yaron yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Rakiya, me ya ci yau?"

"Koko," na ce. "Da gyaɗa."

"Gyaɗar wa?"

Na faɗa. Ta Yaaba Poko ce. Baffa ya ce a kawo matar yanzu ta tsallake yaron ta saki kurwarsa. Kaka ta ce a nemo taksi a kai shi gidan likita, sauran magana ta biyo baya. Suka yi ta ja, Inna a tsakiya tana kuka da Sani a cinyarta, har Kaka ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Idi, ni na haife ka. Tafi ka kawo mota." Ya tafi. Amma kafin ya shiga taksin ya riƙe kafaɗata ya ce gobe da safe dattawan layi za su taru, kuma zan maimaita abin da na gani a gabansu.

Da magariba ta yi aka ɗauke kuran. Gidan ya rage ni da Kaka da 'ya'yan Baffa mata biyu. Babu wanda ya iya cin tuwo. Ta bayan katanga muna jin Yaaba Poko tana daka wani abu a turmi, a hankali. Na matse jikin Kaka har ina jin ƙashin haƙarƙarinta. Ban zaci za a yi tatsuniya ba. Amma bayan ta idar da isha'i sai ta tura itace cikin murhu, ta kalli ƙofa, ta ce ga baƙuwa ta taho. Muka amsa da ƙyar.

Ta ce an yi wani ayarin fatake da suka ɗauko goro daga Gwanja za su gida. Madugunsu mutum ne mai hankali, ya san kowace rijiya da kowane zango. Da suka haye wani babban kogi sai suka tsinci wani baƙo shi kaɗai a bakin hanya, ramamme, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya roƙi su bar shi ya bi su saboda tsoron daji, suka yarda. In an sauka da yamma an dafa tuwo a tukunya ɗaya, kowa ya zo, shi sai ya koma gefe ya juya baya yana tauna wani abu daga jakarsa.

Bayan 'yan kwanaki wani bafatake ya kwana yana murƙususu da cikinsa, gari bai waye da shi ba. Aka binne shi aka wuce. A zango na gaba wani ya bi shi. Nan fa idanu suka koma kan baƙon. Me ya sa ba ya cin abincinmu? Me yake tauna a ɓoye? Wani ya ce ya ga ya taɓa takalmin mamacin. Wani ya ce tun ranar farko bai yarda da idonsa ba. Madugu ya zauna ya haɗa maganganun, ya ga sun dace da juna kamar ƙwarya da murfinta. Suka ɗaure baƙon a jikin wata bishiyar kuka suka tafi, kuma a daren nan kowa ya ci tuwo ya ƙoshi saboda hankali ya kwanta.

Kaka ta kalli wuta. Turmin bayan katanga ma ya tsaya.

"Kashegari," ta ce, "mutum biyu suka mutu."

Ƙaramar 'yar Baffa ta fara kuka. Kaka ba ta rarrashe ta ba, ta ci gaba. Ta ce babu wanda ya buɗe baki ya ce ashe ba baƙon ba ne. Cewa suka yi yana da abokin aiki a cikinsu. Suka tuna akwai wanda ya taɓa ba shi ruwa, suka kore shi cikin daji. Mutuwa ba ta tsaya ba. Suka tuna wanda bai yi kuka sosai wurin binnewa ba, suka kore shi. Sannan wanda ya yi kukan da ya wuce kima. Har madugun kansa, wata safiya aka ce ai shi ya yarda baƙon ya bi su. Ayari ya yi ta ƙanƙancewa, jakuna sun fi mutane yawa, har ya rage mutum biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Suka hura wuta kamar wannan," in ji Kaka, muryarta ƙasa ƙasa. "Wan yana can, ƙanen yana nan. Kowa da wuƙarsa a ƙarƙashin cinya. Wan yana cewa a ransa, tun muna yara yake da wani irin kallo. Ƙanen yana cewa a ransa, shi ya sa bai taɓa ciwo ba. Suka dafa tuwo suka ci, ba mai ɗauke ido daga ɗan'uwansa. Ba wanda ya soki wani. Da rana ta fito dukansu biyu sun sandare a zaune, idanu buɗe."

Shi kuwa baƙon, wasu makiyaya ne suka kwance shi. Ya biyo sawun ayarin yana tarar da kaburbura, har ya iso wurin gawa biyu da jakuna suna kiwo. Yunwa ta sa ya kwance buhun gari da ke tsakaninsu. Da hasken rana ya faɗa ciki sai ya ga garin ya yi baƙi, ya yi gashi, yana wari. Ashe tun ranar da suka haye kogi ruwa ya shiga buhun. Kullum da duhu ake ɗiba a zuba a tukunya, babu wanda ya taɓa leƙawa. Shi kuma abin da ya hana shi ci, ba shi da ko ƙwayar hatsi da zai zuba a tukunyar mutane, kunya yake ji, sai ya koma gefe yana gaigayar busasshen rogo.

Nan Kaka ta ce baƙuwar ta sha ruwanta ta kama hanya. Ta tura 'ya'yan Baffa su kwanta, ni kuma ta riƙe hannuna.

"Faɗa mini abin da kika gani da idonki. Ban da abin da kika ji."

"Ta ba Sani gyaɗa."

"Shi kaɗai?"

Na yi tunani. "Ta ba ni. Ta ba su Hajara ma." Hajara ita ce babbar 'yar Baffa.

"Kin ci?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na ci. Na cinye har na lashe gishirin tafina. Na kama wuyana ina juya shi, na ji kamar ya fara tauri. Na ce, "Kaka, ni ma zan mutu."

Ta ɗora tafinta a goshina ta daɗe. "Jikinki sanyi ƙalau. Yau kika fara cin gyaɗarta?"

"A'a. Tun ina aji ɗaya."

"Yarinyar gidan famfo fa, tana ci?"

Wannan yarinyar uwarta ba ta barin ta fita layi, kowa ya sani. Na girgiza kai.

"To gobe in sun tambaye ki, kada ki rage, kada ki ƙara. Ki faɗi wanda ya ci ya kwanta, ki faɗi waɗanda suka ci suna tsaye."

Da safe, kafin mutane su dawo daga masallaci, Kaka ta ɗauki sandarta ta fita. Ta dawo tana riƙe da hannun Yaaba Poko, wadda ke rungume da ƙullin kayanta. Ta shigar da ita ɗakinta, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa. Ba a jima ba Baffa Idi ya shigo da liman da dattawa, bayansu kuma samari cike da ƙofar gida, wasu da duwatsu a hannu. Baffa bai runtsa ba, idanunsa sun faɗa. Ya ce Sani bai san wanda ke kansa ba. Sannan ya ce in yi magana.

Na faɗi duka. Ta ba Sani, ta ba ni, ta ba 'ya'yan Baffa, kuma shekara da shekaru muna ci.

Wani dattijo ya ce wannan ba hujja ba ce, mayya zaɓa take yi, ba kowace kurwa take so ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Wani ya ce ita yarinyar gidan famfo ai da ido aka kama ta.

Kaka ta ce, "Malam, ina da tambaya, ku gafarce ni. Wanda ya ci ya kwanta, ita ce. Wanda ya ci bai kwanta ba, ita ce ta ƙyale shi. Wanda bai ci ba ya mutu, ita ce da ido. To me zai faru a layin nan da za ku ce ba ita ba ce? Ku faɗa mini abu ɗaya, in zauna in jira shi."

Dattawan suka dubi juna. Ba wai sun yarda ba ne, na ga fuskokinsu. Baffa ya ce wa Kaka, "Inna, ɗan ɗanki ne fa ke mutuwa."

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa nake so in san abin da ke kashe shi."

Liman ya ce a dakata a ji ta bakin likita, kuma duk wanda ya jefa dutse cikin gidan Hajiya Dije ya san da wa ya yi. Samarin suka ja baya suna gunaguni, amma ba su yi nisa ba. Da azahar Inna ta aiko cewa sanƙarau ne. Ta ce ɗakin da aka kwantar da Sani cike yake da yara har ƙasa, daga Dapoya, daga Bilbalogo, daga unguwannin da Yaaba Poko ba ta taɓa takawa ba. Na ji da kunnena wani a ƙofar gida yana cewa to ai mayu ƙungiya gare su. Jiya jiya na ji irin wannan magana a bakin fataken Kaka.

A ɗakin Kaka nake kwana, don haka tun daga ranar na koma kwana ɗaki ɗaya da matar da rabin unguwa ke cewa tana cin yara. Tabarmarta na jikin bango, tawa na jikin gadon Kaka. Ina jin numfashinta, ina jin tana 'yan maganganunta da Mosanci, ni kuwa in lulluɓe har kai cikin wannan zafi ina shafa wuyana. Na san abin da na faɗa a gaban dattawa gaskiya ne, amma sanin bai hana ni jin tsoro ba. Sai daga baya, da Mosancina ya ƙaru, na gane sunayen 'ya'yanta da suka mutu take kira.

Sani ya tashi, amma kunnensa na hagu bai ƙara ji ba har yau. Ma'aikatan lafiya suka zo suka yi wa unguwa allura, ruwan sama ya sauka, ciwon ya lafa. Yaaba Poko ta koma bakin layi da farantinta, sai dai babu mai saye. Iyaye suka riƙa janye 'ya'yansu zuwa ɗaya gefen hanya. Wata safiya a tsakiyar damina ta durƙusa ta yi wa Kaka godiya mai tsawo, ta ɗauki ƙullinta ta tafi. Ba mu sake jin labarinta ba.

Yanzu ni malamar lakwal ce, ina zaune a Dapoya da 'ya'yana. Shekarun nan na tashin hankali sun cika garin da mutanen da suka gudo daga ƙauyuka, kuma tsoro ya dawo da wata sabuwar riga. Sai a turo hoton wani a waya, a ce an gan shi yana leƙen gidaje, a yaɗa. Babban ɗana yakan miƙo mini yana cewa, "Mama, se sur, tabbas ne, kowa ya tura." Ni ma gabana faɗuwa yake, don abin tsoron na gaske ne, akwai waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa. Amsar farko takan zo mini a guje, a shirye, ta dace da komai. Na lura duk lokacin da ta fi dacewa, lokacin ne na fi ƙin in bincika ta. Kuma na lura yawan tunani shi kaɗai ba ya ceto, don madugun Kaka ya yi tunani sosai, sai dai duk tunaninsa ya tafi wajen tara wa amsar farko shaidu. Sai in tambayi yaron wa ya gani da idonsa, kuma me za mu gani mu ce mun yi kuskure.

Na daɗe ina ɗauka cewa Kaka ta iya abin da ta yi ne saboda ita ba ta yarda da maita ba, kuma ba ta jin tsoro. Bara, muna tsintar shinkafa da Inna, na faɗa mata haka. Ta ajiye faranti ta dube ni.

"Hajiya? Ai ta fi Idi yarda da mayu. Ranar da muka dawo da Sani daga gidan likita na same ta ta rame kamar ita ta yi jinyar. Ta ce mini tunda matar nan ta shigo ɗakin ba ta yi barcin kirki ba, zaune take kwana tana jan carbi, hannunta ɗaya a kanki."

Na ce, "To me ya sa ta kawo ta?"

"Na tambaye ta. Ta ce zuciyarta na ce mata ita ce, ita ce. Amma ta bincika ta ga ba ta da komai a hannu sai faɗar zuciyar, kuma ba za ta bari a kashe mutum a kan wannan ba."

Inna ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. Ni kuwa na kasa. Duk tsawon wannan bazara ina kwance ina rawar jiki, ina zaton a ɗakin akwai mutum ɗaya da ba ta tsoro. Ashe mu uku ne, kowa da nasa tsoron, har damina ta sauka.